Ƙusar Taya a Marfin Tukunya

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da aka ɗaura auren ƙanwata a Bunkure. Ni aka ɗora wa dafa shinkafar maza, maigidana Abban Amira kuwa shi ne wakilin amarya, dole ya isa kafin a sauko daga masallaci.

Motarmu ta kwana biyu tana ƙara a baya, tun lokacin ɗibar tumatir. Ashe ɗaya daga cikin ƙusoshin da ake ɗaure tayar baya da su ce ta karye ta faɗi. Abban Amira ya sayo sabuwa a Kano ranar Laraba, bakanikensa Malam Sabo ya ce zai zo gida safiyar Juma'a ya saka.

Da hantsi Malam Sabo ya ɗaga mota a jak cikin tsakar gida, ya cire taya, ya miƙa hannu. "Alhaji, kawo ƙusar."

Aka duba kan tagar da aka ajiye ta, wayam.

Muka birkita gidan nan. Ƙarƙashin gado, buhun shinkafa, har akurkin kaji na leƙa. Na shiga ɗaki na fito ya fi a ƙirga, ido na kan agogo, ga babbar tukunya na sauke tana jira a bakin mota. Abban Amira ya ce a mayar da tayar haka, ai sauran suna nan.

"Da wannan tukunyar, a hanyar bakin kanal ɗin ban-ruwa?" in ji Malam Sabo. "Ɗaya ma cikin sauran ta fara lasa. Ba da hannuna ba."

Ni kuwa (Allah Ya yafe mini) sai na buɗe wa'azi. "Abban Amira, kullum ina faɗa, komai a ajiye shi a muhallinsa. Abu mai muhimmanci haka a bar shi a taga?" Har addu'ar ɓatan kaya na sa shi ya maimaita. Bawan Allah ya maimaita, ya ci gaba da nema. A raina ƙarfe nake nema kamar taɓarya, tunda an ce shi ke riƙe tayar mota. Ban tambayi girmansa ba, don kada a ce ban sani ba.

Rana ta take, aka fara jin lasifikar masallaci. Na dubi Malam Sabo zaune a kan taya yana sharce gumi, tun safe ko koko bai sha ba, sai tausayinsa ya kama ni. Na ɗauko kwano, na buɗe tukunya, na jingina marfin a jikin mota. Tsumman da na naɗe mariƙin da shi ya zame.

Malam Sabo ya ƙura wa marfin ido. Ya ɗauka, ya juya shi. "Maman Amira, wa ya yi miki wannan gyaran?"

"Ni da kaina," na ce, har da 'yar fara'ata. Ranar Alhamis mariƙin marfin ya ɓalle, na tsinci wani ɗan ƙarfe kamar yatsa a taga, na zura ta hujin, na ɗaure da notinsa. Ya zauna daram, har na yaba wa basirata.

Ina cikin bayani na ji muryata tana ƙanƙancewa.

Abban Amira ya yi gyaran murya. "To, ai ta ajiye shi a muhallinsa."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Malam Sabo ya kwance ƙusar, ya zura ta ta bayan ƙarfen da taya ke zama a kai, ya ja ta da noti har ta kama, kafaɗunsa na rawa. "Ta sha man gyaɗa, ba sai na shafa mata komai ba. Alhaji, in na rasa mataimaki zan aiko."

Mun isa ana miƙa sadaki. Tukunya kuwa da cokali aka riƙa ɗaga marfinta, duk matar da ta tambayi dalili sai in ce labari ne mai tsawo. Kafin la'asar kowa ya ji shi, gajere, daga bakin wakilin amarya.

Tun ranar, in abu ya ɓata a gidanmu, madafata nake fara dubawa kafin in yi wa kowa nasiha.