Lambu a Kan Ɗakin Inna Tasalla

A Tudun Ƙirya, wani ƙaramin ƙauye da ke bayan fadama, an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ya haura shekara arba'in, ƙaƙƙarfa ne, kafaɗa kamar ta ɗan dambe, sai dai Allah bai ba shi gane magana mai lanƙwasa ba. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, yadda ka faɗe shi, ba ragi ba ƙari. Bai taɓa aure ba. Su uku ne a gidansu: shi, da yayarsa Yalwa wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, da mahaifiyarsu Inna Tasalla, wadda ba ta kiransa da wani suna sai Auta.

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya kwantar da Inna Tasalla. Ɗakinta na kwano ne, kuma in bazara ta kama, kwanon nan yakan ɗau zafi har ka ji yana ƙara shi kaɗai. Tsohuwa tana kwance tana haɗa gumi, Yalwa ta jiƙa zani ta rufa mata, kafin ta je madafa ta dawo ya bushe. Bayanta ya fara yin miki. Malamin asibitin da ya zo duba ta ya gaya wa Yalwa a soro cewa in ba a raba ta da zafin nan ba, mikin ne zai kai ta ƙasa kafin ciwon.

Inna tana da ƙane magini, Kawu Mati. Ya taɓa yin aiki a birni, inda ya ga wani ɗan ɗaki da aka yi wa shuka a ka, ciki kuwa sanyi kamar bakin randa. Ya zo ya tsuguna a tsakar gida, ya zana abin a ƙasa da tsinke. Ɗan ɗaki ne na tubali kusa da rumbu, a jera azara kusa da kusa, a shimfiɗa asabari, a yi yaɓe da makuba, a rufe da leda mai kauri, a zuba tsakuwa don ruwa ya sami hanyar zuwa indararo, sannan ƙasa kamu ɗaya, sannan shuka. A jikin bango za a yi 'yar matakala don mai ban ruwa. Maƙwabta suka yi ta girgiza kai, don su a saninsu ciyawar da ta fito a kan soro cire ta ake yi tun ba ta jawo yoyo ba. Kawu bai kula su ba. Ɗan aikinsa kuwa ɗaya ne, Nomau.

Wata rana, bango ya kai tsayin mutum, an tara azara a gefe, Kawu ya ce wa Nomau ya fara tanadin ƙasar da za a zuba a sama. Ya ce ba ya son jar ƙasar nan ta bayan gari wadda ko ciyawar tumbin jaki ba ta fita a kanta.

"Ƙasa mai rai nake so. Ka ji ko?"

"Na ji, Kawu."

Nomau ya ɗauki mangala ya kora jaki. Ya wuce juji, ya wuce fadama inda baƙar ƙasa take, yana tsugunawa yana ɗiba yana dubawa yana zubarwa, don duk ba ta motsi. Sai can ya tarar da wani tsohon suri. Ya fasa shi da magirbi, ya ga ƙasar tana tafiya da ƙafarta. Ya cika mangala, ya yi sawu a kan sawu, yana juyewa a jikin azarar don kada ta yi nisa da wurin aiki. Kawu ya tafi ɗaurin aure wani gari, da ya dawo ya tarar gara ta yi gini a kan azara har ta fara ci. Ya juyo ya dubi Nomau. Nomau ya ɗebo ƙasar a tafin hannu ya nuna masa, ya ce ya duba da kyau, babu wadda ta mutu a ciki. Sai da aka babbake wurin, aka zubar da azarar da ta lalace, aka jira wata daga kasuwa. Inna kuwa tana nan cikin ɗakin kwano.

Wata rana kuma, an jera sabuwar azara, an yi yaɓe, an shimfiɗa leda. Wani maƙwabcinsu ya leƙo ya ce shi dai yana tsoron nauyin ƙasa da ruwa a kan mara lafiya. Kawu ya buga ƙafa a kan rufin ya ce wannan ko jaki zai ɗauka. Da zai tafi sallar azahar sai ya juya ya ce wa Nomau, kafin a zuba tsakuwa, ya hau ya tabbatar da abin da ya faɗa, yana nufin ya taka ko'ina ya ji in akwai inda ke lotsawa. Da ya dawo daga masallaci ya hango kunnuwa biyu a sama. Nomau ya tura jakin ta matakala, rabi turi rabi ɗauka, ga shi tsaye a tsakiyar rufin yana kallon gari.

"Ya ɗauka, Kawu," in ji Nomau.

Rufin ya ɗauka ɗin. Ledar ce ba ta ɗauka ba, kofato ya huda ta ko'ina. Jakin kuma ya ƙi sauka, sai da aka tara maza suka ɗaure shi da igiya suka zuro shi yana harbin iska. Yara suka yi dariya har da faɗuwa. Yalwa ba ta yi ba. Ta shiga ɗakin kwano ta juya Inna ta wanke mata baya, ta fito idonta jawur. Nomau ya bi ta yana tambayar abin da ya yi, ta ce ya tafi ya ba ta wuri. Ya je ya share mata wuri a gindin rumbu, ya shimfiɗa tabarma, ya koma nesa ya zauna.

Wata rana, bayan an sami sabuwar leda an zuba tsakuwa da ƙasa, aka zo maganar abin da za a shuka. Kawu ya yi bayani cewa ƙasar ba ta da zurfi, kuma saiwa mai nutsawa za ta huda leda ta shiga yaɓe, don haka ba a son komai sai mai gajeriyar saiwa. Ya bar wa Nomau wannan, ya tafi gyaran wani rumbu. A bayan ɗakin girki akwai zogale da lalle da ɗan itacen lemun tsami, duk Inna ce ta dasa su da hannunta tun tana da lafiya. Nomau ya ga babu shukar da ta fi dacewa da ɗakin Inna kamar shukar Inna. Ya tone su ɗaya bayan ɗaya, ya ga saiwarsu doguwa ce, ya sa lauje ya gajarta ta daidai tsawon yatsa, ya hau da su ya kakkafa. Kafin la'asar duk sun sunkuyar da kai.

Wannan karon Yalwa ta yi faɗa sosai, har ta ce da ma ba ta dawo gidan ba. Inna ta ji daga ɗaki. Ta sa aka kira Nomau, ya durƙusa a bakin gado, ta tambaye shi da harshenta da ya yi nauyi ko har da lemun. Ya ce har da shi. Ta rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefen da ba ya motsi. Can ta ɗora masa hannunta mai lafiya a ka, ta ce a bar shi, abin da aka ce masa ya yi.

Daga nan Kawu ya daina aika shi da baki kawai. Ya kawo irin lansir da alayyafo, da dashen ɗoɗɗoya, da ciyawar kirikiri ta gefe-gefe don ta riƙe ƙasa, ya tsaya a kansa har aka shuka. Ruwan farko ya sauka, indararo ya zubar da abin da ya kamata, ciki ko ɗigo babu. Aka ɗauko Inna aka kai ta sabon ɗaki. Mutanen da suka yi ta girgiza kai suka riƙa shigowa gaisuwa suna zama fiye da yadda gaisuwa ke buƙata, saboda sanyin. Mikin bayanta ya fara kamewa.

Amma Inna ta yi shiru. A ɗakin kwano, duk da wahala, takan yi magana, takan tambayi wanda ya haihu da wanda ya yi tafiya. A nan sai ta kwanta ta zuba wa azara ido. Kunu cokali biyu ta kawar da kai. Yalwa ta tambaye ta ko wani wuri ke ciwo, ta ce babu. Kawu ya tambaye ta ko ɗakin bai yi mata ba, ta ce ya yi, Allah ya yi masa albarka. Malamin asibiti ya dawo ya duba, ya ce jiki dai ya fi da, bai san abin da ke cinta ba. Tana ta ramewa a cikin sanyin da aka sha wahala aka samo mata.

Wata rana da la'asar, an yi ruwa da safe gari ya yi luf, Yalwa ta tafi gidan rasuwa a unguwar gabas, ta bar Nomau a bakin ƙofa. Inna ta zame daga kan matashi, wuyanta ya lanƙwashe, numfashi yana yi mata wuya. Ta kira shi.

"Auta, ɗaga ni sama in sha iska."

Tun da aka fara ginin nan, duk wanda ya ce sama a gidan, rufin yake nufi. Nomau ya ɗauko zanin Yalwa daga kan igiya, ya tsuguna, ya ɗora uwarsa a baya, ya ɗaure ta tamau yadda ya ga mata suna yi. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Tana cewa me kake yi, me kake yi, shi kuwa ya riga ya fita. Matakalar siririya ce, an yi ta don mutum ɗaya da tulu, ga santsin ruwa. Ya hau a hankali yana dafa bango, kafaɗarsa tana gogar yaɓe. Da ya kai, ya kwance ta ya jingina ta da ƙirjinsa a tsakiyar ɗoɗɗoya.

Yalwa ta dawo ta tarar da gado babu kowa. Ta fito da gudu tana salati, maƙwabta suka shigo, aka aika a kira Kawu. Sai wata mata ta ɗaga kai ta nuna. Kawu ya hau da sauri, Yalwa tana bayansa, niyyarsa ya karɓe ta ya sauko da ita kafin ya waiwayi Nomau. Ya tarar Inna ta tsinki ganyen ɗoɗɗoya tana murzawa a hanci. Daga nan ana ganin fadama cike da ruwa, da gero ya kai gwiwa har iyakar ido, da shanu suna dawowa ta burtali. Tana tambayar Nomau gonar wa ce waccan da ba a yi wa noma ba, yana gaya mata.

Kawu ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri, yaron nan bai san abin da yake yi ba. Bari mu sauko da ke."

Ta ce a dakata. Ta daɗe tana haɗa maganar, suna tsaye suna jira.

"Mati, ɗakinka ya yi sanyi, ban raina ba. Amma kullum in na buɗe ido, itace ne a jere a kaina, ƙasa a kansa, ciyawa a kan ƙasar. Ka san inda ake yi wa mutum irin wannan rufin." Ta numfasa. "Wannan kwanciyar tana nan tana jirana. Ku bar ni in ɗan zauna ta wannan gefen tukuna."

Kawu ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Shi da ya sha jera itace a kan kabarin mutanen garin, bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Yalwa ta juya baya ta rufe fuska da gyale. Inna ta kalle ta, da yake ba ta faɗin sunan 'yar fari, ta ce, "Ke, akwai sauran kunu?" Aka hau mata da shi, ta shanye kofi guda a nan cikin shuka.

Tun daga ranar, duk la'asar da ba a ruwa, Nomau yakan goya ta ya hau da ita. Mata suka fara zuwa suna tsayawa a ƙasa suna hira da ita, tana sa a tsinko musu alayyafo. Ta ga gero ya yi kai, ta ga an yanke shi. Ta rasu bayan kaka, da hantsi, a cikin ɗakin, Yalwa tana riƙe da hannunta.

Kawu Mati ya ƙara gina irin ɗakin nan a wasu gidaje na Tudun Ƙirya, yawanci don tsofaffi. Bai sauya komai a rufin ba, amma matakalar yakan yi ta da faɗi, hawanta gajeru, da ɗan bango a gefe. Wani mai gida ya taɓa tambayarsa dalilin ɓata tubali haka a kan hanyar ɗan ban ruwa. Kawu bai ɗago daga yaɓen da yake yi ba.

Ya ce, "Saboda mai goyo."