Yadda Za Ka Zama Jinkis Ka Ci Kifi Kana Kwance

A bakin gaɓar Kalk Bay aka ƙulla cinikin. Faldie mai jirgin kamun kifi ya ja tsoho Sedick gefe, ya ce, "Yaya, kifi biyu kullum, in dai ba za ka sake taka mini jirgi ba."

"Uku."

"Biyu da kan kifi guda."

Suka tafa. Bi matakan nan, kai ma sai an biya ka don ka zauna gida. Ban taɓa ganin sun ƙi ci ba.

1. San kalmar

Jinkis Turanci ne. Kada ka haɗa shi da mara sa'a, wanda kansa kaɗai yake cuta. Jinkis mai farar ƙafa ne: shi lafiyarsa ƙalau, amma inda ya tsaya raga sai ta yage. Ana kiran mutum da ita, ana kuma aikata ta, sai ka ji an ce, "Rufe baki, kada ka jinkisa mu!"

2. Shiga jirgi da ayaba

Masunta sun tsani ayaba a kan ruwa, sun tsani yin fito da baki, wai duk suna jawo tsiya. Sedick ya haɗa biyun. Wai shi mantuwa.

3. Yabi abu tun bai nuna ba

Dubi sama ka ce, "Kai, yau teku kamar faranti!" In hadari ya taso, sunanka ya fito. In bai taso ba, wa zai tuna?

4. Tsare sunanka

Haɗarin sana'ar shi ne jirgi ya dawo wayam alhali kana gida. Ran da haka ta faru, Faldie ya zo yana huci. "To, Yaya, yau kuma wa za mu ɗora wa?"

Sedick ya sunkuyar da kai. "Ƙanena, ka yafe ni. Da hantsi na tuna da ku."

Nan take aka mai da kifin uku, don ya daina tunani.

5. Kada sana'a ta biyo ka gida

Nan ne ban san dabara ba. Ana gobe bikin 'yarsa Ruwayda, Sedick ya goge farar riga. Sai ga ta a bakin ƙofa da kwando.

"Baba, ni fa ban yarda da zancen nan ba. Amma a waje za a yi girki, kuma dangin ango duk masunta ne."

"Ke, ƙarya ce fa! Ni na ƙirƙire ta!"

"Na sani, Baba. Amma don Allah gobe ka zauna gida, kada ma ka tuna da mu."

Kifi huɗu ne a kwandon, manya.

Faldie ya ci riba, ya sami wanda zai ɗora wa laifin teku a kan kifi uku. Sedick kuwa ya ci kifinsa shi kaɗai, cikin gogaggiyar riga.

In ka gwada abin ya ɓaci, babu ruwana. Kuma kada ka zo mini gida da ƙara, gobe zan shiga teku.