Tsakuwar da Na Sata a Kushewar Mutanen Da

Ba zan taɓa mantawa da hawan dutsen nan na ranar Laraba ba, ko da zan manta da sunana. Yau kwana tara ke nan, amma har yanzu in kaza ta taka busasshen ganye a bayana sai na zabura.

Wata biyu ke nan da dawowata Keita daga lakkwal, makarantar da na koyi aikin ungozoma. Na dawo da akwatin ƙarfe mai almakashi da zare da sabulu, da farin takalmi sau-ciki, da kuma baki. Bakin ya fi akwatin nauyi. Duk wadda ta ce iska ta taɓa ɗanta, sai in ce mata, "Ba iska ba ce, ƙwayar cuta ce, mikrob ne." (Ashe tsofaffin unguwarmu har sun raɗa mini suna Mikrob, ni ce ƙarshen ji.)

Da hantsi aka aiko daga wani ƙauye ta wajen Ibohamane, wai Rabi ɗiyar kawuna tana naƙuda tun jiya, abu ya ƙi. Ga shi ruwa ya cika gulbi, hanyar kwari ta yanke, ko raƙumi ba ya ƙetarewa. Sai dai a bi ta bisa dutse. Gwaggo Hassi, yayar babana, ta ci ɗamara ta ce ita za ta kai ni.

Hanyar siririya ce, ta awaki, tana kurɗawa cikin geza da sabara. Da muka kai sama na waiga, sai ga kwarin nan shimfiɗe a ƙasa, jan ruwa yana ta gudu tsakanin gonakin hatsi, mutane a bakinsa ƙanana kamar tururuwa. Gaba kaɗan muka iske su: tarin baƙaƙen duwatsu, tuli-tuli, wani ya kai tsayin bukka. Kushewun mutanen da ke nan, waɗanda ba wanda ya san ko su wane ne.

Gwaggo ta tuɓe takalminta, ta yi sallama a hankali, ta ɗauki tsakuwa ta jefa bisa tulin.

"Tuɓe naki, ɗiyata. Ki gaishe su, ki ƙara musu tsakuwa."

"Haba Gwaggo, in gaida wa? Mushenmu, malaminmu na lakkwal, ya ce ƙashi ne kawai da duwatsu."

"To, Madam. Mu dai haka munka iske ana yi."

Ta yi gaba. Ni kuwa ban tsaya ga ƙin gaisuwa ba. Na hango wata tsakuwa mai sulɓi a gindin tulin, na ce wannan ta dace da tebur ɗin mushe. Na ɗauke, na ƙulle a haɓar zane. (Mutane na ƙarawa, ni ina ragewa. Ilimi ke nan.)

Ban yi taku ashirin ba, sai na ji an riƙe mini zane ta baya.

Na ja, aka ja. Na sake ja, aka ƙara riƙewa, daidai wajen ƙullin tsakuwar. Wallahi duk faransancin da na haddace, ko kalma ɗaya ba ta zo mini ba. Waiwaye kuwa, wa zai waiwaya? Na rufe ido na ƙwala ihu:

"Wayyo Allah! Kakanni ku yafe! Ni ce na ɗauka, zan mayar! Salamu alaikum! Salamu alaikum!"

Na yar da akwati, na kwance zanen na bar musu, na zuba da gudu daga ni sai fatari da farin takalmi. Ban tsaya ba sai da na yi karo da Gwaggo. Kuma ba ita kaɗai ba: tana tsaye da wasu mata uku na ƙauyen su Rabi, masu tsinkar tafasa, kowace ta saki baki. Duk sun ji.

Gwaggo ta leƙa bayana, ta ga zanena yana lilo jikin sarƙaƙiya, ƙayar nan mai ƙugiya. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Mi ya kama ki, Madam? Mikrob?"

Ɗaya daga cikin matan har da zama ƙasa don dariya.

To, amma akwati yana can gindin kushewa, Rabi kuma tana jira. Gwaggo ta ce, "Gwiwata ba ta komawa baya. Ke kika yar, ke za ki ɗauko." Na san ƙaya ce, na gani da idona, amma ƙafafuna ba su yarda ba. Haka na koma ni kaɗai. Na ɓamɓare zanen (ya yage biyu, a wannan shekara ta yaƙi da ko ƙyalle babu a kasuwa), na mayar da tsakuwar inda na same ta, na tuɓe takalmi, na yi sallama. Na ƙara musu wata tsakuwar ma, don kada a ce an yi rowa.

Da la'asar muka isa. Da Rabi ta haihu, jaririyar ta zo da cibiya naɗe a wuya, ba ta motsi. Nan take na durƙusa a kanta. Na warware cibiyar, na share mata baki, na yi ta murza bayanta har ta tsala kuka. Rabi ta rayu, ɗiyarta ta rayu. Gwaggo ta kama kaina ta ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyar ƙanena." Wannan karon ba ta ce Madam ba.

Ranar suna kuwa, ina shiga gida mata suka haɗa baki: "Kakanni ku yafe!" Na yi dariya tare da su, da zanena mai ɗinki a tsakiya, jaririya a hannuna.

Har gobe ina dafa almakashina, kuma har gobe ina cewa mikrob ne. Amma na koyi cewa sallama ba ta rage wa mai ilimi komai. Sannan in an sake riƙe mini zane, zan daure in waiga tukuna, kafin in fara tona wa kaina asiri.