Gilashin da Bashar Ya Bar Mini

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kulle dattawan arziki cikin shagon albasata da rana tsaka, a nan Illela, wai don su ga haske.

Ɗana Bashar karatu ya kai shi ƙasar waje. Ni kuwa firamare leƙa ta kawai na yi na fito, albasa na sani. Da ya zo hutu na ce ya nuna mini abin da ya raba ni da shi shekara da shekaru. Sai ya ciro guntun gilashi, bai kai tafin hannu ba. Ya ce shafe yake da wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, ferobiskayit (haka kunnena ya kama, kar a tsare ni). Wai suna ba da haske, amma ruwa ne ajalinsu, shi ne su Bashar ke koya musu ƙin ruwa. Ya ɗiga ruwan buta, ruwan ya dunƙule ya gangare, gilashi a bushe. Ya haska wata 'yar tocila mai shuɗiyar wuta, gilashin ya kama kore shar.

Ranar komawarsa ya bar mini su. Duk sadda kewarsa ta taso, sai in tura ƙofa in haska, in yi zaune.

Bakina ne ya ja mini. Alhaji Isuhu, abokin cinikina daga Ƙonni, kullum sai ya tsokane ni: "Ɗiyan mutane na gina gidaje, naka na can shina wankin kwalabe." Rannan na ƙule, na ce ya zo da mutanensa washegari bayan azahar su gani da idonsu.

Da safe na duba gilashin a rana, sai na ga wani dishi-dishi rawaya a kansa, kamar ƙura ta kwanta. Na ce baƙi ba za su ga aikin ɗana da dauɗa ba. Na samo toka da soso, yadda ake wa butar shayi, na dirje shi har ya yi ƙyalli. (Wallahi har daɗi na ji.)

Alhaji Isuhu ya zo da mutane, har da Malam Buba mai shanu. Na rufe ƙofa. Ga zafi, ga warin albasa. Na yi bisimilla na haska. Shiru. Na bubbuga tocila a cinya na sake. Shiru.

"Mi muka jira?" in ji Alhaji daga cikin duhu.

"Ku yi haƙuri, sai ya ɗumama."

Da na ga haske ya ƙi, na ce to ku ga na ruwa. Na tsiyaya buta, ruwa ya kwanta abinsa, ya bi hannun rigata har gwiwar hannu.

Malam Buba ya shafa, ya ce, "Wanga ai gilashin taga na."

"Buɗe muna ƙofa," in ji Alhaji, "hasken Allah ya ishe mu."

Dariyarsu ba ita ta dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai, Bashar suke wa, ba ni ba.

Da la'asar na kira Bashar a waya, na ce abinsa ya mutu.

"Baba, mi kay yi mishi?"

"Wanke shi nay yi."

Sai ya fashe da dariya har da tari. Rabon da in ji wannan dariyar, na manta.

"Baba, dauɗar nan ita ta aikin! Ba komi, in aiko ma da wani."

"Kak ka aiko," na ce. "Kawo shi da hannunka."

Sai dariyar ta ɗauke. Can ya ce, "In sha Allah, Baba."

Har yau ina jiran in sha Allahun nan. A kasuwa kuwa sunana ya koma Mai Lantarki. Na dai koyi abu guda da furfurata: abin da ba ka san kansa ba, ko ya yi maka kama da dauɗa, bar shi da dauɗarsa. Toka ta buta ce.