Wandon da Na Baro a Tafkin Kanwa

Duk abin da zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai Bature tsibirin kanwa ba. Lokacin ban daɗe da dawowa Gure daga lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram ba, kaina ya kumbura, har akuyar gidanmu da Faransanci nake kora. Tafintan bariki ya tsufa, kunne ya fara ƙi, ana neman wanda zai gaje shi. Sai ga wani baƙon Bature mai yawon duba kufai yana rubutawa a littafi. Kumandan, Baturen da ke mulkin bariki, ya ce in raka baƙon wuni ɗaya, in ya dawo ya yabe ni, aikin nawa ne.

Wurin yana cikin wani kwari ta wajen Bune, tafkin kanwa ne da ɗan tsibiri a tsakiya. Na ce ai na san shi kamar yunwar cikina (sau ɗaya na taɓa zuwa, shi ma a goye a bayan innata). Na ari farin wando wajen yayana, na sa 'yar guntuwar riga irin ta 'yan lakwal, da takalmi sau-ciki.

Muka isa da hantsi a kan raƙuma. Wani tsoho, Baba Kaumi, mai garkar dabino a bakin tafkin, ya shige gaba. Hanyar shiga ba a miƙe take ba. An kakkafa kaba nan da can, ita ake bi, a yi gabas, a yi kudu, a sake komowa. Hagu da dama kuwa fili ne fari fat, sumul kamar sabon daɓe.

A tsibirin muka zaga guntun ganuwa, da rijiyar da ta rufta, da gindin rumbuna, da wasu kaburbura. Baba Kaumi yana bayani, ina juyawa, har da ƙarin gishiri. Ya ce zamanin yaƙi nan mutane ke gudowa. Maharan da ba su san hanya ba sai su ga farin fili su sako dawaki, ɓawon kanwa ya fashe, laka ta haɗiye doki har sirdi. Ku lura, da bakina na faɗa wa Baturen wannan labari, har ina kwatanta masa da hannu yadda doki ke nutsewa. Ya rubuta, ya gyaɗa kai. Na ce a raina aiki ya samu.

Azahar ta gota, Baturen ya duba agogo ya ɓata fuska. Ga raƙumanmu can muna hange, bai fi jifa biyu ba. Nan karambani ya motsa. Na ce masa wannan zagaye-zagaye na tsofaffi ne, yanzu rani ne, ƙasa ta bushe, bari in nuna masa gajeriyar hanya.

"Ɗana, bi kaba," in ji Baba Kaumi.

"Haba Baba, ai wancan zamanin da ne."

Tsohon ya tsuguna, ya jefa garin taba a baki.

Taku goma na yi lafiya lau, har na waiwayo ina yafito Baturen. A na sha ɗaya sai ji na yi zurum! Baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta kama ni har ƙugu, ina motsi tana ƙara ja. Faransancin ya bi iska, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wayyo Inna!"

Wasu mata masu kankarar kanwa suka sheƙo da igiyar jaki. Suka jefo, na ɗaura a hammata, suka ja su huɗu, Baturen na biyar a wutsiyar igiya. Na fito da jan ciki, amma wando bai fito ba. Zariya ta tsinke, laka ta riƙe abinta har da takalman. Da babbar riga na sa irin ta mutane, da ta rufa mini asiri, to 'yar rigar lakwal iyakarta cibiya. Wallahi na so in koma cikin lakar.

Wata dattijuwa ta kau da kai, ta miƙo mayafinta ta baya. "Ungo, Mushe, rufa wa lakwal asiri." (Mushe ake ce wa ɗan boko, wato Malam da Faransanci.)

Baba Kaumi ya tofar da taba. "Dawakin nan dai mahaya ne suka tura su. Kai wa ya tura ka?"

Haka na shiga Gure a karkace bisa raƙumi, ɗaure da mayafin mace, kanwa na cin ƙafafuna. Kashegari kumandan ya kira ni. Ya ce baƙon ya yaba ƙwarai, wai bai taɓa ganin tafintan da ya fassara labari da jikinsa ba, amma shi bariki ba ta da igiyar da za ta riƙa jawo ni kullum. Aka ba wani aikin. Yayana kuwa ya fi shekara yana aiken mutane su tambaye ni lafiyar wandonsa.

Tun daga ranar, in na ga hanya ta yi lanƙwasa, bi nake ba gardama. Na san akwai wanda ya baro wandonsa a kan miƙaƙƙiyar.