Rasuwar Kawu, Janaretan Gidan Bene

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai nauyin riƙe biro, Dogo mai kula da inji yake sanar da mazauna gidan bene, na sama da na ƙasa, da maƙwabta, da duk wanda ƙara ta taɓa hana shi barcin rana, rasuwar janaretan gidan nan da kowa ke kira Kawu. Ya cika ranar Talata da yamma a ɗakinsa na bayan matakala, bayan shekara ashirin da biyu yana aiki.

Marigayin ba mai yawan buƙata ba ne. A ba shi mai, a duba masa ruwa, sai ya ɗauki gidan gaba ɗaya a kansa. Shi ke tura ruwa zuwa tankin sama. Shi ya riƙe firjin mai sayar da kifi da keken telan hawa na biyu, bai taɓa tambayar wa ya zage shi jiya ba. Hali ɗaya gare shi: ba ya tashi sai an ƙwanƙwasa masa haƙarƙari sau uku da sifana. Daga nan sai ka ji "kirr, kirr", ya yi tari biyu, sannan "gudu-gudu-gudu" har gilashin taga ya ɗauki rawa. Baban Dogo ne ya gano masa wannan hali, shi ya yi masa hidima shekara goma sha takwas, kafin Allah Ya karɓi abinSa aikin ya dawo hannun ɗansa.

A nan dole a faɗi abin da mutanen ƙasa suka sani, na sama ba su sani ba. Tun rasuwar maigidanta, tunanin Inna, mahaifiyar Dogo, yake tafiya yana dawowa. Lokacin da baban yana raye, ƙarfe shida yake tayar da inji, ya wanke hannu, ya shigo su ci abinci tare. To har yanzu Inna ba ta sa komai a baki sai ta ji Kawu ya tashi. Tana ji sai ta gyara zama ta ce, "Yauwa, babanku na nan tafe. Miƙo min kwanon." Ta ci rabi, ta rufe masa rabi, ta manta. Shekara huɗu a haka ake ciyar da ita.

Jinyar marigayin ta fara ne bara, da mai gidan benen ya kawo injiniya. Aka shimfiɗa farantan sola a rufi, aka ajiye batura a wata durowa, aka canja ƙwayayen fitila zuwa masu cin wuta kaɗan, aka shafe rufin da farin fenti don ɗakuna su daina ɗaukar zafi. Dogo ba shi da ƙorafi a kan wannan. Wuta ba ta ko ƙyaftawa, yaran gidan sun daina tari, shi ma an bar masa aikin goge farantan. Kawu kuwa aka ce ya zauna jiran ko-ta-kwana. Wata takwas ba wanda ya neme shi.

Dogo ne kaɗai ke zuwa. Kullum ƙarfe shida ya tayar da shi minti goma sha biyar, ba tare da an jona masa ko ƙwan fitila ɗaya ba, don dai Inna ta ji. Mai gidan ya sani, ya kau da kai. Sannu a hankali wani baƙin mai ya fara ɗiga daga salansa, wato bututun hayaƙi, muryar ta dushe. Ranar Talata ya yi "kirr" sau ɗaya, bai ƙara ba. Makaniki ya buɗe shi, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Dogo, irin wannan injin in ba a ɗora masa kaya ba, hayaƙinsa ne ke taruwa ya shaƙe shi. Da ka tambaye ni, ɗan'uwa." Dogo bai tambaya ba. Yana zaton sauƙi yake yi wa tsoho.

Marigayin ya bar jarka biyu, da mazurari, da tabon mai a siminti wanda ba sabulun da zai fitar. Ya bar magada a rufi, masu ƙoƙari, sai dai ba su da murya. Gidan ya yi shirun da har ɗigar famfon hawa na uku ana ji daga ƙasa. Ya kuma bar Inna, wadda yau kwana huɗu ke nan ba abin da ya wuce maƙogwaronta sai shayi.

An gwada aron ƙaramin janaretan mai aski. Ta saurara ta ce, "Wannan ɗan wa ye? Kar ka mai da ni yarinya, Dogo."

Sabbin fitilun matakala suna kunna kansu ne idan mutum ya gifta. Da yamma Inna na zama a bakin ƙofa tana kallonsu. Sai ta ƙasa ta kama, ta biyu ta kama, ta uku, kamar mai hawa a gajiye, alhali ba kowa. Injiniya ya ce kyanwa ce. Ba a kiwon kyanwa a gidan nan. Dogo ya tsaya ya gani da idonsa sau biyu, kuma ba ya son ya yi magana a kai. Inna dai cewa take, "Ga shi can ya wuce. Me na yi masa ne da ba ya shigowa?"

Za a fitar da marigayin ranar Asabar ƙarfe goma na safe. Masu sayen tsohon ƙarfe za su zo da mota, kuma sai an cire ƙofar ɗakin kafin ya fita, don haka ana roƙon maza huɗu masu ƙarfi. Masu motoci su matsar da su daga bakin hanya.

Ba a buƙatar kowa ya kawo komai, sai abu ɗaya. Don Allah kowa ya duba wayarsa. Duk wani tsohon bidiyo ko saƙon murya da kuka ji haushi don ƙarar inji ta ɓata shi, kada ku goge. Ko minti ɗaya ne, ko da ana surutu a kai, Dogo yana so ya kunna wa Inna. A kawo ɗakin ƙasa na hannun hagu kafin ƙarfe shida. Abincin na nan a rufe, kuma Inna tana jira.