Rasuwar Manjagarar Lungun Majema

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, gajiya kuma ta ƙarasa, dattijo Ottmar Seibold na Lungun Majema yake sanar da dangi da maƙwabta rasuwar manjagararsa, wadda ta cika ranar Talata a bakin magudanar ruwa, tana tsaka da aiki.

Marigayiya ta shigo gidan tun Ottmar yana da baƙin gashi. Ba ta taɓa neman lada ba, balle hutu. Da zarar itatuwa sun fara zubar da ganye, kafin ƙararrawar coci ta kaɗa an ji muryarta, ƙarrr, ƙarrr, tana yashe murfin magudanar. Motar sharar hukumar gari ba ta taɓa leƙo lungun ba, wai ya yi mata ƙunci. Ita kuwa baiwar Allah ba ta taɓa ƙorafi ba.

Ciwon ajalinta ya faro bara, sa'ad da aka kwantar da Ottmar a asibiti don aikin ƙugu. Aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, magudanar ta toshe, ruwa ya gangara ɗakin ƙasa na Irmela mai gidan burodi, ya kashe tanda, ya tsaga gini. Irmela ta kai ƙarar hukuma. Lauyan hukuma, mutum mai ladabi kamar ya durƙusa, ya bi gida-gida yana tambayar wanda ke kula da magudanar. Maƙwabta suka ɗauka lambar yabo za a ba da. Kowa ya rantse Ottmar ne da manjagararsa, ba su taɓa fashi ba.

"To ai magana ta ƙare, Malam Seibold," in ji lauyan. "Lungun nan ba ya cikin taswirarmu. Mai kula da abu shi ne mai shi, ɓarnarsa ma tasa ce."

Haka ƙara ta juyo kan Ottmar. In kotu ta kama shi, gidan da ya tsufa a ciki ne zai biya. Lauyansa ya hana shi sake taɓa ko ganye ɗaya. Matarsa Traudel ta cusa marigayiya bayan ƙofa tana faɗa: "Shisshiginka ne zai kwanar da mu a titi, tsoho. Bar ruwa ya ci garin!" A nan marigayiya ta yi jinya, tsatsa tana cin haƙoranta.

Ranar Talata ruwa ya dawo. Ottmar ya tsaya a taga yana kallonsa yana hawa matakalar Irmela. Ya daure, ya ƙara daurewa, abin ya fi ƙarfinsa. Ya ɗauko marigayiya ya fita da ɗingishinsa. Ta ja ganyen, ruwa ya samu hanya, sai ƙotarta ta ce ɓas! Shagon dai ya tsira. Washegari Irmela ta aiko da burodi mai zafi, da saƙon cewa ƙarar ta bar hannunta, yanzu ta kamfanin inshorarta ce, ba yadda za ta yi. Ottmar ya ci burodin, don ko fushi ya gaji da yi.

Marigayiya ta bar ƙanenta shebur, da bokiti mai yoyo, da takalman ruwa da ba sa hana ruwa shiga, da magudana marainiya wadda kowa ke gudun a ce tasa ce.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a filin zubar da tarkace na hukuma. Bisa ƙa'idar wurin, za a raba gawar biyu, ƙarfe a akwatin ƙarfe, itace a na itace. Daga nan Traudel za ta karɓi gaisuwa a gida da kofi da kek. Ana roƙon masu zuwa su sa dogayen takalma, domin lungun ya sake cika. Wanda ya ga ganye a kan murfin magudanar, don Allah ya tsallake ya wuce. Kada wanda ya sunkuya, sai in yana da gidan da zai bayar.